Baba Mai Agogo, Wanda Na Fara Yi Wa Tambayoyi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, 'yarka ta kira wayar ofishinmu, ni na ɗauka. Ta ce, "Ku cire Baba daga masu zuwa ranar Alhamis. Allah Ya karɓi abinsa da asuba." Na rubuta saƙon a takarda kamar yadda aka koya mini, na zauna riƙe da ita na kasa tashi.

Ina aji uku a jami'a, ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam, aka tura ni sanin makamar aiki na wata shida a cibiyar da ke binciken mantuwar tsofaffi. Aikina in zaunar da mutum a ƙaramin ɗakin nan mai tebur ɗaya da fanka mai ƙara, in kunna rikoda, in karanta tambayoyi, in ba da maki. Kai ne na farko da aka bar ni da shi ni kaɗai. Fom ya suɓuce mini ya faɗi. Ka duƙa ka ɗauko, ka ce, "Jikata, ni ake yi wa jarrabawa, ke kike gumi?"

Shekara arba'in ka yi kana gyaran agogo. Na bangon ɗakin ya tsaya tun kafin in zo. Ka sa aka sauko da shi, ka zaro ɗan sukudireba daga aljihu, ka tayar da shi. Ranar da Dakta, shugabar binciken, ta dawo mini da rahotona jawur da gyara, ka tarar da ni a baranda ido ya kumbura. Ba ka tambaye ni komai ba. Ka dai ce kai ma sai da ka kashe agogo goma kafin ka tayar da ɗaya.

Cikin tambayoyin akwai wadda ake cewa mutum ya zana agogo, ya nuna sha ɗaya da minti goma. Karon farko da dariya ka yi ta, har da hannun sakan. A wata na biyar lambobin suka cunkushe a gefe guda, ka rasa inda hannayen za su zauna. Ka daɗe kana kallon takardar, sannan ka ce, "Nawa na ci?"

Doka ta hana ni faɗa. Na ce, "Baba, ba a ba ni izini ba."

Ka ajiye fensir a hankali. "To, ai kin faɗa."

Na kai wa Dakta zanen, ta rubuta takardar da za ka kai wa likita, aka ce a ba ka a zuwanka na gaba. Ni na ɗage zuwan nan da mako biyu, don malaminmu na son ganinmu a makaranta. Na kira ka na sanar da kai, ka ce to. Ban kira 'yarka ba, ni da na fi kowa sanin abin da takardarka ta nuna. Maigadi ya ce ka zo a ranar da aka saba, da wankakkiyar riga, ka zauna a benci fiye da awa guda kana cewa jikarka kake jira. Da ya tambayi sunanta, sai ka yi murmushi ka miƙe.

An ce hawan jini ne ajalinka, kuma Dakta ta ce babu abin da takardar nan za ta hana. Na yarda wa'adi ba ya wuce ranarsa. Amma kullum ta gaban bencin nake shiga. Kuma akwai sauran hirarka guda huɗu da ban mayar rubutu ba. Idan na kunna, sai in ji tarinka, da jan kujerarka, da muryarka kana cewa ai na faɗa, bayan ka ajiye fensir. Fom ba shi da gurbin rubuta wannan.

Baba, ka yafe mini zaman da ka yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarka da ƙannenta da jikokinka na jini. Allah Ya ba su haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ka amsa tambayar da ke gabanka ba tare da ka manta ko kalma ɗaya ba. Amin.