Ramin Da Muka Haƙa Ƙarƙashin Burtali

Shekarun baya, lokacin ina ganin babu abin da damtsena ba zai iya ba, na yi dashen albasa a gonarmu da ke wajen Maiyama. Dashe ya kama, ganye ya miƙe, har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa. Sai rijiyar gonar ta ƙafe.

Abin haushin, ruwa na nan kusa. Akwai tafki a bayan wani tudu da ya raba shi da gonata, kuma tafkin ya fi gonar bisa. Amma tudun ya fi ɗaki tsawo, ga burtali a kansa, shanu na bi safe da yamma. Ba dama a yanka shi.

Na hau babur na tafi Jega wurin abokina, mahaƙin rijiya ne tun tasowarmu. Na ce masa ƙarƙashin tudun nake so mu huda. Ya dube ni ya ce, "Kai kau gahiya kaz zama?" Gafiya yake nufi, mai haƙar rami. Ya gama dariyarsa, ya ɗauko dagi da wani dogon rodi, ya hau bayana.

Ya kama daga gefen gona, ni daga gefen tafki, da nufin mu haɗu a tsakiya. Duk inda muka ɗan ci gaba sai mu tura gangar ƙarfe da aka fasa wa gindi, ta tokare ƙasa. Shi kuma ba ya sara sai ya fara soka rodin nan gaba, ya zaro ya duba bakinsa. Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba. Kana kwance rub da ciki, jar marmara na zubo maka a ƙeya, kana jin kofaton shanu dim-dim a samanka, amma zumuɗi bai bari ka ji tsoro.

Ana cikin haka wata hantsi ya zagayo ya kira ni. Na rarrafa cikin nasa ramin, ya ce in riƙe rodin in tura. Na tura, sai ya tafi zuruf, kamar an soka tsinke a kunu.

"Mi ag ga wurin?" na tambaye shi.

"Kogo na. Ga alama tsohon gidan gara na."

"Babba ko ƙarami?"

"Ban sani ba. Shi yiwu kamar tulu, shi yiwu kamar ɗaki. In munka miƙe, gobe ruwa na gonakka. In munka kauce, sai wani mako, kuma muna iya saɓa ma juna cikin ƙasa. Gonakka ta, kai ka hwaɗi."

Na fito na tsaya kan albasata. Bakin ganyen ya fara yin fari, wasu sun kwanta. Duk abin da gidanmu zai ci a shekarar yana cikin ƙasar nan. Raina na cewa mu miƙe kawai, ƙila ma kogon bai kai ƙwarya ba. Sai na waiga na hango tafin ƙafarsa a bakin ramin, ya koma yana kwashe ƙasa. Na ce mu kauce.

Kaucewar ta ba mu wuya. Tunda layi ya karkace, sai da kunne muke neman juna: ya buga dagi, in manna kunne a ƙasa, in rama. Wani lokaci in ji shi dama, can kuma in rantse yana hagu. Kullum na fito sai na tarar wani fangalin ya ƙone, in kau da kai.

Ranar da bakin daginsa ya ɓullo dab da hancina, ihun da na yi har makiyayin da ke saman tudu sai da ya leƙo. Na zura hannu ta hudar, ya kama, muna ta dariya ƙasa na shiga mana baki. Da muka fasa bakin tafkin, na ruga a guje na riga ruwan isa gona, na tsaya da fartanya ina jiransa kamar mai tarbar baƙo. Kusan rabin albasar ta riga ta mutu. Sauran ta tashi, ita ta riƙe mu har kaka.

Na daɗe ina jin zafin rabin nan, ina cewa ƙila tsoron banza muka ji. Abin da na koya dai shi ne ƙasa ba ta gaya maka abin da ke cikinta sai ɗan abin da rodi ya taɓo, kuma da wannan ɗan za ka yanke shawara.

Da damina ta zauna, wurin da muka kauce wa ya rufta. Rami ne da zai haɗiye bijimi har ƙaho. Na kira abokina, ya zo ya leƙa. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Da albasakka duk ta yi, da ɗiyana sun ci ta ga sadakar bakwai."

Na yi dariya, amma sai da na nemi wuri na zauna.