Zanen da Yaya Garba ya yi a ƙasa

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar wana, Garba, wanda mutanen Lafagu ke kira Garba Mai Kati. Allah ya jiƙansa da rahama. Na zubar masa da mutunci a gaban jama'a, ya tafi ban gyara ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaya ya yi ƙuruciyarsa a rijiyoyin man fetur, nesa da gida. Aikinsa duba famfon da ke zuƙo mai, irin wanda ke ɗaga kai yana sunkuyawa wuni guda. Ba mai iya shiga rijiya ya ga ciwon famfo, sai a maƙala masa na'ura ta zana motsinsa a kan kati. Daga siffar zanen Yaya zai ce ga abin da ya lalace. Har sunaye ya raɗa musu. In zane ya fito kamar tafin raƙumi, lafiya lau. In ya yi kunnen jaki, famfon iska yake haɗiya.

Da ya ajiye aiki ya dawo gida, sai ya mai da ilimin kan injinan ban-ruwa na fadamarmu. Babu na'ura, sai tafin hannu. Zai dafa tiyo ya yi tsit, ya ji yadda ruwa ke bugawa, sannan ya zana bugun a ƙasa da tsinke. Har daga Zagga ake zuwa ɗaukarsa a babur.

Wani rani, shinkafata ta ɗauki ciki, ya biyo ta gonata. Ya dafa, ya zana, ya daɗe yana kallon zanen.

"Sani, kashe injin ga. Rairai shika sha, farfela na cinyewa."

Akwai mutane a wurin, ni kuma Allah ya yi ni da saurin baki.

"Haba Yaya, wagga ba rijiyar mai ba ta! Ruwa na zuba, mi kaka so kuma?"

Ban kashe ba, injin kuwa ya kai ni har girbi. Sai kaina ya yi girma. A majalisa nakan ɗauki tsinke in duƙa ina kwaikwayonsa, a yi ta shewa. Sannu a hankali masu babur suka daina tsayawa a ƙofar gidansa. Shi kuwa ko gaisuwa bai rage mini ba. Da damina ya kwanta, kwana kaɗan ya cika.

Makon farko na ranin da ya biyo baya, injin ya daina zuƙo ruwa. Na kira wani bakanike daga tsallaken iyaka, ɓangaren Benin. Ya kwance, ya ɗago farfelar, rairayi ya cinye ta sai ɗan ɓawo. Ya ce, "Malam, wanga ciwo ya hi shekara." Na yi asarar dashe a ranin nan, amma wallahi ba dashen ne ya hana ni cin abinci ba.

Yanzu 'yarsa Hadiza injiniya ce. Da sallah ta nuna mini yadda ake tara wa komfuta tulin irin zanen babanta, ta koyi siffofin, kafin ƙiftawar ido ta faɗi ciwon famfo. Nakan yi tunanin me Yaya zai ce da yana raye. Na san ba zai yi kishi ba, zai gyara zama ya sa tabarau. Ƙila ya yi ƙorafin ba a sa wa zanen sunan kirki ba. Amma ina jin tambayarsa ɗaya ce: in komfutar ta ce a kashe, ana kashewa?

Aikinsa bai mutu ba, ga shi a hannun 'yarsa. Abin da na ɓata ne ya rage, kuma Hadiza ba ta san labarin ba, a nan za ta karanta. Mutanen Lafagu da kuka yi dariya tare da ni, ku shaida. Wana bai yi kuskure ba. Rairayi ne, kamar yadda ya faɗa.