Makinar da Falalu Ya Juya Hagu

Falalu ya rufe shagonsa na unguwar Hindawiyya a Makka ranar Alhamis da ta wuce. Yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin kafar ƙugiya balle ya zura mata zare. Ni ba mai yawan yabo ba ne, waɗanda suka san ni sun sani. Amma wannan sai na faɗa.

Tun muna da baƙin gashi aikinsa ɗaya ne. In ya fito sallar asuba sai ya ɗaga ƙyauren shago, ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ya ɗora shayi. Sannan ya shimfiɗa farin tawul a kan tebur, ya kwance makina, wato ɗan injin da ke naɗe zaren fatsa. Kowane ɗan ƙarfe da wurin zamansa a kan tawul ɗin. Ya wanke gishiri, ya goge yashi, ya ɗiga mai, ya mayar. Da farko dariya aka yi masa. Shagon kayan kamun kifi a Makka, garin da ko tafki babu? Shi kuwa ya san duk ƙarshen mako motoci na gangarawa Shu'aiba, bakin teku, kuma duk makinar da ta tafi da gishiri za ta dawo.

Ba ya ba mutum abin da ya nuna da yatsa. Sai ya ce, "Miƙo hannunka." Ya juya shi, ya matsa yatsun, sannan ya tambayi kifin da ake nema.

Mutanenmu suna da wani kuskure na gado. Kakanninmu a kogi suka yi su, cikin jan ruwa mai laka, inda kifi ba ya ganin komai. Saboda haka ɗan Hausa in ya shigo, zare mai kauri yake nema, wai kada ya tsinke. Falalu ya kan ce, "Ya shehu, ragon layya za ka ɗaure ko sijan za ka kama?" Sijan ƙaramin kifi ne, bai wuce tafin hannu ba, bakinsa ɗan mitsitsi. Ruwan Shu'aiba kuwa garau yake, yana ganin zarenka kafin ya ga ƙullun da ka sa masa. Sai siririn zare, ƙaramar makina, da ƙugiya kamar ƙwayar shinkafa. Tsohon zare kuma a leɓe Falalu yake gwada shi. Ya ja shi a kan leɓen ƙasa, inda dutse ya karce nan take zai ji.

Wannan sana'a ce, wasu ma sun iya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami labarin Kabo ne.

Kabo abokinmu ne, direban tasi a unguwar Utaibiyya, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin baki. Manyan kifi yake ja. Shekarun baya jalɗa ta buge shi, ɓarin damansa ya shanye. Ƙafa ta ɗan dawo, hannu ya dunƙule ya ƙi buɗewa. Da aka sallame shi daga asibiti ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Ba masallaci, ba gaisuwa. Na je, ya yi kamar yana barci. Mutumin yana ƙarewa muna kallo.

Wata rana 'yarsa Hafsa, mai kiransa Abuya, ta zo shagon da babbar makinarsa a leda. Ina zaune.

"Ya ammi, Abuya ya ce in jefar. Ni na kasa."

Falalu ya karɓa ya ajiye ƙarƙashin tebur. Ya taka kujera ya sauko da wata 'yar makina da ke rataye sama da ƙofa. Tasa ce ta kansa. An sha tambayarta, bai taɓa bayarwa ba, ko da yake bai cika zuwa teku ba, don ranar da mutane ke tafiya ita ce ranar aikinsa. Ya kwance mariƙinta daga dama ya ɗaura a hagu, ya naɗa mata sabon siririn zare. Ya ce min, "Tashi." Ya rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba.

Kabo ya kalli makinar ya yi tsaki. "Ni za ka kawo wa kayan wasan yara?"

"To me ka zama? Na ji Hafsa ce ke ba ka abinci da cokali."

"Fita min daga gida, ɗan gyaran gwangwani."

"Zan fita. Miƙo hannunka tukuna."

Ya miƙa na hagu. Falalu ya ce ba shi ba. Ya kamo dunƙulallen, ya ɓamɓare yatsun a hankali kamar mai buɗe hannun jariri, ya cusa gindin sandar fatsa a ciki. Yatsun suka koma suka damƙe. Ya ɗaure da tsumma.

"Ka gani? Hannun da ya ƙi buɗewa ai riƙo ya iya. Wancan kuma ya juya."

Ranar Asabar Hafsa ta tuƙa mu zuwa Shu'aiba. Ban saba mace ta ja ni a mota ba, amma tuƙinta ya fi na ubanta. Muka zaunar da shi a kan dutse, inda ba sai an yi jifa da nisa ba. Ya saki zare yana gunaguni. Rana ta ɗaga. Can sai gunagunin ya tsaya.

"Falalu."

"Na'am."

"Na ji shi. A nan na ji shi." Da haɓa ya nuna dunƙulallen hannun.

Ya juya da hagu, ya fito da sijan ɗan ƙarami yana wutsil-wutsil. Hafsa ta juya baya tana gyaran mayafi. Ni ma teku na kalla. Tun daga ranar Kabo bai sake juya wa ƙofa baya ba. Sahun gaba yake salla.

Falalu, kai ne mai duba hannu kafin ka duba kaya. Kai ne ka san zare mai kauri ba shi ke jawo kowa ba. Mun gode. Allah Ya buɗe idonka, Ya saka maka da abin da ba mu iya ba. Ku kuma masu tasowa, kowace irin sana'a kuke yi, ku koyi cewa "miƙo hannunka" kafin ku miƙa kaya.

Ranar da ya rufe shagon mun taru muna taya shi kwashe kaya. Sai ga Kabo da sandarsa, da 'yar makinar naɗe cikin tawul. Hafsa ta raɗa min cewa ya ce shi ke nan, tunda mai ɗaura masa zare ya tashi, shi ma ya bar teku.

Ya ajiye ta a kan tebur. "Amanarka. Yanzu ka samu lokaci, je ka kama naka."

Falalu ya laluba ya ɗauka. Ya ja zaren a leɓensa, ya yanke inda ya karce, ya naɗe ta ya tura masa.

"Leɓena bai makance ba. Duk Alhamis ka kawo ta gida in duba. Ita kuma mariƙinta a hagu yake, ni ba bahago ba ne."

"Kai da ka juya shi ba ka iya mayarwa?"

"Ɗauki abinka, Kabo. Ba zan karɓa ba."