Ranar da Ƙorama Ta Kawo da Rana Tsaka

Wata Laraba ce a farkon damina, tun zamanin Turawa, shekarar da na fara iya ɗaukar babban tulu, Inna ta aike ni ɗebo ruwa a ƙoramar da ke bayan ƙauyenmu, kusa da Falgore. Ƙanena Sale yana biye da ni da ƙoƙo a hannu. A shekarar nan, gyaɗa ta tsiro ta fara yaushi, gero ya lanƙwashe, domin hadari kan taso daga gabas, sai ya zo kan duwatsun da ke tsakaninmu da fitowar rana ya tsaya cak, ya juye ruwansa a can, mu kuwa sai iska da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar wasu. Baba kan tsaya ƙofar zaure yana kallo, ya ce, "Dutse ya sake shanye mana rabo, Allah ya kawo namu."

Ƙoramar a bushe take, sai an tona yashi ruwa ke tsattsafowa. Muka tona raminmu, Sale ya durƙusa yana kwalfa yana zuba mini. Rana ƙwal a kanmu, amma kan duwatsun ya yi baƙi ƙirin, walƙiya na tsaga shi. Ban damu ba, mun saba gani. Tulu ya cika, na hau gaɓa na ajiye shi gindin kaɗanya, sai na ji wani irin gunji kamar garken shanu a guje. Wani makiyayi da ke tsaye a kan gaɓar ya ƙwala mini kira: "Ke yarinya! Ɗauko yaron nan, ruwa ya kawo!"

Na waiga, sai ga ruwa ja-ja-wur ya ɓullo ta kwana, ɗauke da rassa da kumfa, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. Ban san lokacin da na gangara ba. Na fizgo Sale, yana kuka wai ƙoƙonsa, na rungume shi na juya, ƙafata ta nutse cikin yashi. Gefen ruwan ya doke ni a cinya, sanyinsa kamar na ƙanƙara, na ji ƙasa tana zamewa. Makiyayin ya kwanta rub da ciki a bakin gaɓa ya miƙo sandarsa. "Kama da hannu ɗaya, kar ki saki yaron!" Na kama. Ya ja mu, ƙirjina na gurzar tsakuwa, har muka zube a kan ciyawa. Inda muke tsugune ɗazu ya zama kogi, alhali ko ɗigo bai sauka a kanmu ba.

Da muka isa gida sai Inna ta goya Sale, duk da ya wuce goyo, ta yini da shi a baya. Baba ya sayi goro ya nufi rugar su makiyayin don godiya, ya tarar sun tashi sun yi kudu da shanunsu.

Yanzu akwai gada a wurin, jikokina kuma famfo suke murzawa, ba su san tonon yashi ba. Sale ya tsufa, ya ga 'ya'yan 'ya'yansa kafin ya rasu. Har yau ban san sunan makiyayin nan ba, amma bai taɓa fita daga addu'ata ba.