Kofur Mai Lambobi a Tashar Jega

Ga shi tsaye a tashar Jega, tsakiyar tsofaffin sojoji masu jiran motar Aliero, inda za su yi taronsu na shekara. Sauran sun sa riguna irin na kowa. Shi kuwa ya matse tumbinsa cikin tsohon kaki, gashin baki ya sha baƙin rini, lambobi suna ta kaɗawa a ƙirji. Da sandarsa yake ture buhun albasar wata tsohuwa, wai ta tare wa manya hanya.

"Ni kaɗai na tsare gada a Laberiya!" yake faɗa, yana waige ko 'yan kamasho suna ji. Ina jin a gidansa an daina saurarensa.

Wani mai hannu ɗaya a cikin sojojin yana taya tsohuwar tada buhunta. Na matsa kusa da shi na ce, "Baba, da gaske ne ya tsare gada?"

"Kofur Junaidu? Tuwo shika tuƙa muna, ɗana, ko harbi bai taɓa yi ba." Mota ta iso, sai ya buɗe ƙofar gabanta. "Amma bai taɓa barinmu da yunwa ba. Shiga, Kofur."