Lambun da ba shi da inuwa

Maigidana mutumin Nijar ne. Saboda yana jin Faransanci kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, ya ba shi aikin lambu, a wani babban gida da ke arewacin Jidda. Kafilin ya taɓa zuwa Faransa, ya ga lambun wani tsohon gida, ya dawo ya ce irinsa yake so. Bafaranshe aka ɗauko ya shata, maigidana yana yi masa tafinta. Da Bafaranshen ya tafi aka bar wa maigidana almakashin aske shuke-shuke.

Shi ya ba ni tarihin gidan na asali, na Faransa, muna cin abinci a ɗakinmu na unguwar Sharafiyya. Wai ma'ajin sarki ne ya gina shi a zamanin da. Ya kira sarki walima, sarki ya ga lambun ya fi nasa kyau, sai ya sa aka ɗaure ma'ajin har ya mutu a kurkuku. Maigidana dariya ya yi. Ni ban yi ba.

Sau ɗaya na je, na kai masa magani da ya manta. Hanya ce miƙaƙƙiya daga bakin gidan, abin da ke dama shi ne a hagu. An aske shuke-shuken daidai gwiwa, an lanƙwasa su kamar aikin wuyan riga. Ga tafkuna, ga tsakuwa fara mai kashe ido. Na hango maigidana kamar kusa, amma na yi ta tafiya ban isa ba. Ya ce da gangan aka yi, tafkunan nesa an fi faɗaɗa su don ido ya ruɗu.

Na tarar yana haki, leɓensa ya bushe.

"Malam, ka zauna mana."

"A ina? Duba bayanki."

Na waiwaya. Daga barandar bene ana ganin kowane taku na lambun, don haka aka hana itace ya yi tsawo. Akwai mutum a tsaye a can.

"In kafili ya gan ni zaune sau biyu, halas, shi ke nan, ya san ba ni da lafiya. Wa zai sabunta wa mai ciwon zuciya iƙama, takardar zama? Yalla, ki koma, uwargida, kada ki narke mini a nan."

Haka ya yi ta aiki a tsaye har zafi ya kai maƙura. Wata ranar Talata bayan azahar aka kira ni. An ce daga barandar aka ga faɗuwarsa.

Bayan sadakar bakwai, maƙwabcinmu ɗan Chadi ya yi sallama. Shi aka ɗauka a madadin maigidana, kuma iƙamarsa ta kusa ƙarewa. Ya sunkuyar da kai ya ce an aiko shi karɓar almakashin da aka kawo mini cikin kayan marigayi. Ya girmi maigidana, yana tari tun a bakin ƙofa. Na naɗe almakashin a tsumma na miƙa masa. Na ce, "Baba, ka riƙa shan ruwa." Ya ce to.