Layu Uku a Ƙugun Idrisa

A wani ƙauye kusa da Sae Sabuwa an yi wani baduku da ake kira Tsoho. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa tun yana rarrafe ake kiransa haka, kuma Allah ya yi masa fuskar da ta dace da sunan. Ba a cika ganin haƙoransa a waje ba, sai in yana jan zare da su.

Da ƙuruciya ya taɓa kokawa, ba ta karɓe shi ba. Ƙafafunsa kamar na zalɓe suke, wanda duk ya kama shi sai ya ajiye shi ƙasa a hankali, don kada ya karye ya ja wa mutum magana. Da ya ga haka sai ya koma gefen fili, ya zama shi ke ɗinka wa 'yan kokawa layu da guraye da kambu. Malam ke rubutawa, boka ke haɗawa, amma sai an kawo wa Tsoho ya rufe da fata, kuma shi ke ɗaura wa ɗan kokawa da hannunsa. Tun da kowane magani ta gabansa yake bi, sai ya san halinsu kamar yadda makiyayi ya san halin shanunsa.

Abin da ya sani ba shi da yawa, amma ya riƙe shi gam. Akwai maganin hannu, akwai na ƙugu, akwai na zuciya. In mutum ya haɗa na hannu da na zuciya, kowanne zai yi aikinsa, babu ruwan wani da wani. In kuwa ya jera biyu masu aiki ɗaya, ba sa haɗuwa su zama ƙarfi biyu. Babban ya shanye ƙaramin, ƙaramin ya zama kaya kawai a jiki. Abu ɗaya ne ba ya shanyuwa, shi ne sharaɗi. Kowane magani yana da abin da ya hana mai shi ci, daga ranar da aka ɗaura har ranar karo, kuma ko ƙarfin maganin ya mutu, haninsa yana nan da rai. Wanda ya karya hani, ko ya kwance laya kafin karo, maganin kansa zai juyo.

Saboda haka in saurayi ya zo masa da layu cike da hula, sai Tsoho ya ware ɗaya ko biyu, ya tura masa sauran da ƙafa. "Kai jaki ne da za a yi ma lodi?" Haka yake ce musu, ko ɗan wane ne. An zage shi a kan haka, an kai ƙararsa wurin mai gari, bai canza ba. A duk ƙasar mutum ɗaya ne Tsoho ba ya iya ɗaga wa murya, ita ce yayarsa Asta. Uwarsu ta rasu yana jariri, Asta ce ta goya shi tun ita ma ba ta gama girma ba, ta tauna abinci ta sa masa a baki. Ko da furfura ta cika masa kai, in ta shigo zaure sai ya sauke ƙafarsa daga kan buzu.

Asta tana da ɗa guda, Idrisa, kuma shi Allah ya ba abin da ya hana kawunsa. Ƙato ne, mai faɗin ƙirji, marar yawan magana. Kaka uku a jere babu wanda ya kai shi ƙasa daga Sae Sabuwa har bakin Tibiri. Laya ɗaya yake ɗaurawa a ƙugu, wadda Tsoho ya gada wurin maigidansa da ya koya masa dukanci, ta hana faɗuwa. Sharaɗinta kada a ci abu mai ɗaci. A shekarun ƙoshi wannan ba wani abu ba ne, goro ne da gauta kawai mutum zai haƙura da su.

Sai shekarar tamanin da huɗu ta zo. Ruwa ya yi sau biyu ya ɗauke, gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Shanun Fulani suka riƙa faɗuwa a bakin rijiya har ungulu ta gaji. Ga iyakar ƙasa a rufe, hatsin da ke shigowa daga kudu sai ta ɓarauniyar hanya, da tsadar da ba a faɗa. A gidan su Tsoho abinci ya koma iri uku. Akwai garin rogo da tunkuzar gyaɗa, in an samu abin saye. Akwai jar dawa ta taimako, wadda ake rabawa jefi-jefi. Akwai kuma anza, 'ya'yan itacen daji da mata ke jiƙawa suna zubar da ruwan har hannu ya gaji, amma ɗacinta ba ya fita duka. Abu na huɗu yana cikin tulu, an liƙe bakinsa da laka an binne a ɗakin Asta, shi ne irin gero na shuka. Kowa ya san ranar da aka fasa tulun nan gidan ya tashi, don wanda ba shi da iri ba shi da dalilin jiran damina.

Babu kaka, don haka babu kokawa. Amma wani ɗan kasuwa a Gidan Rumji, wanda yunwar mutane ta yi wa riga da wando, ya ga garin ya yi shiru da yawa. Ya sa aka yi shela cewa ranar kasuwa za a yi kokawa, wanda ya kayar da kowa buhu biyu na gero nasa ne. Allah ya isa tsakaninmu da irin wannan nishaɗi. Sai dai buhu biyu a shekarar nan sun isa su kai gida har faɗuwar ruwa ba a taɓa tulu ba, don haka Idrisa ya ce za shi.

Nan ƙauna ta shiga ta ɓata abu. Asta ta ja akuyarta ta ƙarshe, ba ta gaya wa kowa ba, ta kai wa wani Bafillace mai suna Dikko da ya yi suna wajen maganin shaɗi. Ya ba ta ƙullin saiwoyi na hana faɗuwa, ya ce kada yaron ya ci abin da ya nuna a ƙarƙashin ƙasa, don kada ƙasa ta ja shi. Ita kuma Mero, matar Idrisa, ta kwashe kwanonin jerenta ta sayar, ta aika da kuɗin wurin wani malami a garinsu Gazawa ta hannun direban mota. Aka kawo mata laya, ita ma ta hana faɗuwa, da sharaɗin kada ya ci jan abu.

Rana ɗaya suka kawo wa Tsoho, da hantsi, yana zaure. Kowacce ta ajiye nata, ta faɗi sharaɗinsa a gaban Idrisa da alfahari. Tsoho ya dubi ƙullin, ya dubi layar. Duka na ƙugu ne, kuma babu wanda ya kai nasa ƙarfi. Akuya ta tafi a banza, kwanoni sun tafi a banza. Abin da suka sayo kawai shi ne hani biyu, ɗaya ya rufe rogo da gyaɗa, ɗaya ya rufe jar dawa, ga nasa da ya riga ya rufe anza.

Idrisa ya girma a zauren nan, ya sha jin kawunsa yana korar samari. Ya ce a hankali, "Kawu, duka za ni ɗaura?"

Kafin Tsoho ya buɗe baki Asta ta ce, "Mi kake tambaya? In ɗaya ta tsai da mutum, uku ba sai su kafe shi ba?" Ta juya wurin ƙanenta. Ba ta faɗin sunan ɗanta, ɗan fari ne. "Tsoho, ka ɗamre wa yaron nan da kyau. Akuyar nan ita kaɗai ta rage min, ban yi baƙin cikinta ba."

Idonta ya faɗa, wuyanta duk jijiya, amma ranar fuskarta da haske, irin na wanda ya yi abin da zai iya. Tsoho ya san abin da ya kamata ya faɗa, ya faɗa wa 'ya'yan mutane sau ba adadi. Yana ma iya janye tasa layar tun ba a ɗaura ta ba, ya bar wa yaron anza, amma zuciyarsa ta ce tasa ce mai aikin, in ya cire ta ya tura shi fili da ƙanana. Kunya ta riƙe masa harshe ta gefe ɗaya, girman kai ya riƙe ta ɗaya gefen.

Ya ce, "Duka."

Ya ɗinke su da jar fata mai kyau, ɗinkin da bai taɓa yin irinsa ba, ya ɗaura su a ƙugun Idrisa da hannunsa.

Daga ranar aka shiga abin da Tsoho ya hango. A dafa jar dawa, Idrisa ya tashi ya ba su wuri. A jiƙa gari, ya ce ya ƙoshi. Mero ta shiga daji neman ganyen da ba shi da ɗaci, ta dawo da abin da bai cika tafin hannu ba, don mata sun riga sun tsince komai. Ta dafa masa da kanwa ya sha ruwan. Matan biyu sun ga yana ramewa, amma suka ce maganin ne ke tsotse ruwan jiki ya bar ƙarfi zalla. Tsoho kuwa kullum sai ya ƙara matse igiyar layun, don ƙugun yana raguwa.

Da abin ya ishe shi sai ya ja Idrisa bayan rumbu, wanda babu komai a cikinsa sai gara. Ya ce, "Akwai abin da babu layar da ta hana ka. Farin gero ne, sama yake nuna, ba shi da ɗaci. Mu fasa tulu a dama maka fura. In ka ci buhu biyu sai mu mai da."

Idrisa ya ce, "In ban ci ba fa, Kawu? Don tulun nan za ni kokawar. In na shanye shi, mi za ni karewa?"

Nan ma Tsoho bai ce masa laifina ne ba.

Ranar kasuwa suka isa Gidan Rumji, rabi a ƙasa, rabi a bayan wata motar itace. Fili ya cika da mutanen da ba su da abin saye, sun zo kallo. An jingine buhunan biyu a gaban kujerar ɗan kasuwan, inda kowa zai gan su. Makaɗa suka ga Idrisa suka gane shi, suka saki kirarinsa, ya ɗaga hannu, mutane suka yi shewa. Karon farko ya kayar da wani yaro da yunwa ta fi ci. Na biyu ma ya kayar, amma da ya miƙe Tsoho ya ga gwiwarsa tana rawa.

Na uku aka haɗa shi da wani Tanimu, ɗan wani tsohon gida a Tibiri, irin gidajen da rumbunsu ke da hatsin shekara uku. Ba gwani ba ne, a shekarar ƙoshi Idrisa zai ɗauke shi kamar damin kara. Kambu ɗaya ne a damtsensa, amma ya karya kumallo. Suka kama juna, suka zaga, suka sake zagawa. Tanimu bai yi wata dabara ba, jingina kawai ya yi da nauyinsa ya jira. Ƙafafun Idrisa suka lanƙwashe da kansu, ya durƙusa, sannan ya kife. Fili ya yi tsit, don kowa ya ga ba kaye ba ne. Tsoho ya shiga ya tallabe shi, ya ji shi sakayau, layu uku suna lilo a ƙugunsa.

Ba a yi wata guda ba aka fasa tulun. Suka ci irin, har da Tsoho. Da ya ƙare Idrisa ya ɗauki Mero suka bi ta daji suka yi kudu. An ce an gan shi yana dako a wata tasha, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Damina ta gaba kuwa ruwa ya zuba kamar yana neman gafara. Gonakin maƙwabta suka yi baƙi ƙirin da gero, tasu ta yi ciyawa har ƙirji.

Tsoho bai sake ɗinka laya ba. Ya koma ɗinkin gugan rijiya da gyaran takalma. In saurayi ya zo da magani sai ya ce idonsa ya mutu, alhali yana zura zare a allura ba ya kuskure. Ya riƙe Asta a gidansa shekaru, yana ci da ita da abin da guga ya kawo, kuma sau da yawa ya shirya zai gaya mata gaskiya, sai ya ga ba shi da inda zai fara.

A ciwonta na ƙarshe ta sa aka kira shi. Ya zauna a bakin tabarma, ta kama hannunsa. Ta ce, "Tsoho, abin nan ya daɗe yana cina. Ni na kayar da yaron nan. Dikko ya ce min akwai wani maganin da ya fi wanda ya ba ni, in na ƙara masa zanena da tabarmata. Na yi rowa. Da na ƙaro na huɗu, da yanzu yana nan gida." Hawaye ya gangaro mata ta gefen kunne. "Uku sun yi kaɗan, ko ba haka ba? Kai ka san abin."

Tsoho ya dubi hannun da ya taɓa sa masa abinci a baki. Ya ce, "Ba laifinki ba ne, Yaya."

Ta ce, "To na wa?"

Ya gyara mata mayafi, ya ce bari ya ɗebo mata ruwa.